Sauran Zare a Kaset ɗin Mainasara

Mainasara ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya huɗu, rumfar hatsi a kasuwar Daura, da kwali biyu cike da kaset. Ranar rabon gado an ambaci komai, har mudu da tsohon kekensa, amma da aka jawo kwalayen nan tsakiyar zaure sai kowa ya kama kallon ƙasa. Malamin da ke rabon ya ɗaga guda ɗaya, ya ga hoton wasu samari masu gashi buzu-buzu riƙe da jita, ya mayar da shi a hankali kamar zai cije shi. Ya ce wannan ba ya cikin abin da ake rabawa, iyali su san yadda za su yi da shi. Munzali, babban ɗan mamacin, ya ce ya ɗauki nauyin hakan.

Ina zaune a wurin ɗan kallo kawai, domin ba ni da gado. Ni ne Kalilu, direban tasi a hanyar Daura zuwa Zango, abokin Mainasara tun muna yawo ba wando. Amma hankalina ya tashi, saboda a cikin kwalayen nan akwai kaset ɗaya da na san babu irinsa a duk ƙasar Daura, kuma ina son sa fiye da yadda ya kamata dattijo ya so roba da zare.

Dole in yi bayanin 'Yan Tsawa, tunda yaran yanzu in ka ambace su sai su zaci wasu 'yan fashi ne. Samari biyar ne da suka taso a Kaduna bayan yaƙin basasa, suna irin kiɗan da Turawa ke kira rok: jita mai lantarki guda biyu, ganguna jere a gaban mutum ɗaya yana dukansu hannu da ƙafa. Amma da Hausa suke waƙa, Hausar tasha da ta bariki. Nagoggo ne mai rerawa, muryarsa a dishe kamar ta ɗan kamasho da yamma. Dabo ne mai jita, kuma ban yarda an sake haifar irinsa ba. Duk mai ja ya same ni a tasha. Sau ɗaya muka gan su ido da ido, a wani gidan silima a Katsina, a bayan motar gyaɗa muka je. Mun dawo kunnuwanmu na ƙara, Mainasara kuwa ya yi kwanaki yana kaɗa mudu a kan buhun gero har masu saye suka fara tambaya ko lafiya.

Faifai uku suka yi kafin su watse. Na farko, Jirgin Kaya, ƙuruciya ce zalla, kowa a cikinsu so yake a ji shi, har ganga na neman cinye waƙar. Na biyu, Wutar Kara, shi ne nawa, domin a nan suka koyi jiran juna, kuma babu faifan da ya kai shi daɗin tuƙi. Na uku, Kwalta Ta Ƙare, na Mainasara ne. Sun yi shi suna dab da rabuwa, kuma in kana da kunne za ka ji hakan: kowa na kiɗa kamar mai sallama. Mun shafe rabin rayuwarmu muna musu a kan wanne ya fi. Ni in ce na uku ya cika sanyi, shi ya ce direba bai san komai ba sai gudu.

Waƙar ƙarshe a faifai na ukun ita ce ta ba shi sunansa. Tana farawa da jita ɗaya tak. Nagoggo na ba da labarin matafiyin da mota ta sauke shi inda titi ya ƙare, ga kaya a ka, ga gida da nisa. Amshin kuwa gajere ne: kwalta ta ƙare, sauran hanya a ƙafa. Daga nan sai Nagoggo ya yi shiru ya bar wa Dabo fili. Jitar ta yi ta hawa, ta yi ta hawa, har ka ce yanzu za ta tsinke, sai kuma ta sauko a hankali kamar mai saukowa daga bishiya yana laluben reshe da ƙafa. Duk musun da nake yi, ban taɓa jin wurin nan tsigar jikina ba ta tashi ba.

Ba a buga wannan faifan da yawa ba. A Damagaram Mainasara ya samo nasa, kuma shekarar da aka haifi Munzali muka ɗauke shi a kaset. Ba mu da wata waya ta haɗawa. Rikoda muka ajiye a gaban sifikar garmaho a ɗakinsa, muka rufe taga, muka kori kaji. Matarsa Haulatu ta kwantar da jaririn a kan gado saboda ɗakin ya fi sanyi, Mainasara ya ce in ya farka ya ɓata mana aiki to ita za ta biya. Ban ma tsaya an gama ba. Muna juya faifan aka aiko cewa motata ta cika, na fita a kan yatsun ƙafa. Bazarar da ta biyo baya faifan ya lanƙwashe a ƙarƙashin rufin kwano, ya koma kamar ƙwarya. Sai kaset ɗin ya zama shi kaɗai ya rage mana.

Na san shi kamar tafin hannuna: baƙi ne, kusurwarsa ɗaya ta narke tun wata rana da aka ajiye shi kusa da fitila. Mainasara bai taɓa ba ni aronsa ba. Na roƙa in kwafa, ya ce kwafa na rage wa zare ƙarfi, maganar da ko yaro ba zai yarda da ita ba. Kuma yana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi. Da zarar jitar Dabo ta sauka ƙasa, kafin ma sautin ya gama mutuwa, sai ya yi wuf ya danna ya kashe. Nakan ce masa, rowar batir ce ko me? Ka bari mutum ya huta a cikin shirun mana. Sai ya yi dariya ya mayar da kaset ɗin cikin kwansonsa.

Da shari'a ta zo, mai sayar da kaset a bakin tasha ya kwashe mawaƙa ya jera wa'azi. Gaskiya ba wanda ya zo ya ƙwace mana komai. Mu ne muka rage murya da kanmu. A mota na koma sa karatu, domin fasinja ba ka san wanda ka ɗauko ba. In mun so jin 'Yan Tsawa sai mu shige ɗakin ajiyar hatsi bayan la'asar, mu zauna a kan buhuna, mu sa rikoda tsakaninmu can ƙasa-ƙasa, dattawa biyu da furfura kamar masu satar nama a tukunya. Mainasara ɗan sahun gaba ne a masallaci, kuma bai taɓa ganin abin da ya haɗa wannan da wancan ba. Ni dai wani lokaci nakan yi tunani, in kasa yanke hukunci, in ce Allah Ya fi mu sanin abin da ke zukatanmu.

Bayan rabon gadon na bari aka ɗan kwana biyu, sannan na je shagon Munzali, inda yake sayar da kayan babur. Yaro ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya miƙe ya ba ni benci, ya aika a kawo mini ruwa. Sai na hango kwalayen a bayan kanta, da wata rediyo mai kaset biyu da ya aro, da naɗin salatif.

Na ce, "Munzali, me za a yi da waɗannan?"

Ya ce, "Karatun Alƙur'ani zan ɗora a kansu, Baba Kalilu, in raba sadaka. Duk wanda ya saurara, ladan ya kai mishi."

Ya ɗauki ɗaya ya nuna mini. A saman kowane kaset akwai 'yan ramuka biyu. In an ɓalle haƙoran da ke rufe su, rikoda ba ta yarda ta ɗauki wani abu a kai. Mainasara ya ɓalle na duk kaset ɗinsa don kada wani ya goge masa bisa kuskure. To Munzali na bin su ɗaya bayan ɗaya yana liƙe ramukan da salatif, rikoda kuwa ba ta da wayon gane bambanci.

Na ce, "Akwai guda ɗaya baƙi mai narkakkiyar kusurwa. Shi kaɗai nake roƙo. Ka ɗora karatu a kan sauran duka, ni ma zan taya ka rabawa."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Na ji a wa'azi cewa wanda ya bar irin wannan, duk lokacin da aka kunna ana rubuta mishi. Yana kwance can ba ya iya kare kansa. In na ba ka, ni na bar ƙofar a buɗe."

Raina ya ɓaci. Na ce masa ubansa ya ciyar da marayun unguwa ba tare da kowa ya sani ba, kuma ban ga yadda jitar Dabo za ta cinye wannan ba. Na ce da ya san mahaifinsa da bai yi masa wannan zaton ba.

Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Gaskiyarka, Baba. Ban san shi kamar yadda ka san shi ba. Har ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Wannan ne kaɗai abin da na iya yi mishi."

Munzali ɗan fari ne, kuma Mainasara mutumin da ne wajen kunyar ɗan fari. Mahaifiyarsa Bafillatana ce daga wajen Mashi, a gidansu abin ba wasa ba ne. Bai taɓa ɗaukar yaron a gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunansa ba, sai "kai" ko "wancan". Ƙannensa kuwa har a wuya yake ɗora su ya zagaya kasuwa. Haulatu ma haka, "yaron nan" take cewa har ya yi gemu. Kowa ya san al'ada ce, Munzali ma ya sani. Amma sanin abu da ka daban, abin da yaro ya ji a ransa yana kallon ana wasa da ƙannensa daban. Na tashi na tafi, ko ruwan ban sha ba.

Wata ranar Juma'a ya tsaya a ƙofar masallacin unguwarsu da kwalayen, ya liƙa wa kowane kaset farar takarda, yana miƙa wa duk wanda ya fito. Ya miƙo mini ɗaya da hannu biyu. Na duba kusurwa, ba shi ba ne. Na karɓa domin ba a mayar da sadakar mamaci, na jefa shi a aljihun mota, na yi kwanaki ban ko kalle shi ba.

Wata safiya na yi lodin Zango, wani malami mai rawani a gaba, mata da buhunan barkono a baya. Na ce bari dai in sa, ko ba komai abokina ya samu lada. Karatu ne mai daɗi, mota ta yi tsit. Can mai karatu ya kai ƙarshen sura ya yi shiru. Ina fama da wani rami a hanya ban kai hannu na juya kaset ɗin ba. Sai na ji ƙas, sai huci, sai ganguna suka faɗo cikin motar gaba ɗaya, Nagoggo na ihu a tsakiyar Jirgin Kaya.

Malamin ya zabura har rawaninsa ya taɓa rufi, yana a'uziyya. Ni kuwa na gangara gefen hanya na tsaya, na kifa kaina a kan sitiyari. Dariya nake, amma hawaye ne ke zuba, fasinja suka zaci aljanu ne suka taɓa direba. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Malam direba, in ba za ka tafi ba ka bar mana kiɗan, rabona da jin wannan tun ina amarya a Kaduna."

A hanyar dawowa na gane abin da ya faru. Kaset ɗin karatun da Munzali ya kwafa gajere ne, na Mainasara kuwa dogaye ne, domin yana son faifai guda ya shige fuska ɗaya. Da karatu ya ƙare sai yaron ya juya duka biyun nan take, bai lura akwai sauran zare ba. Farkon kawai ya riƙa saurara don ya tabbatar ya ɗauku. Ke nan a ƙarshen kowane kaset akwai abin da bai gogu ba. Kuma a baƙin kaset ɗin nan, abin da ke ƙarshe shi ne jitar Dabo.

Na koma yawon gidajen mutane kamar mai neman ɓatacciyar akuya. In yi sallama, in yi gaisuwa mai tsawo, sannan in ce ko zan ga kaset ɗin sadakar Mainasara. Na duba na ladan, na mai nama, na masu ɗinki biyu, duk kusurwarsu lafiya lau. Wasu ba su ma san da komai ba, domin suna juyawa da zarar karatu ya ƙare. Wasu kuwa daga yadda suka kawar da ido na san sun sani, kuma ba su da niyyar faɗa wa kowa.

Kabo mai goro ne ya tona asiri. Ya sa nasa a rumfa da sifika don jama'a su amfana, ya tafi kama ruwa. Kafin ya dawo Wutar Kara ta kama rabin kasuwa, yara na rawa a gaban tirensa. Kafin azahar labari ya kai wa Munzali. Aka ce ya zauna a shago ya riƙe kai, yana cewa ya zo gyara ya ƙara ɓatawa, ya haɗa maganar Allah da kiɗa a wuri ɗaya. Washegari ya hau babur yana bi gida-gida yana karɓa, yana kai su shago yana goge ƙarshen. Na tausaya masa, wallahi na tausaya masa. Amma duk gidan da na shiga sai a ce yanzu Munzali ya karɓa ya fita.

Ina cikin wannan matata Shatu ta dawo daga gidan rasuwar, inda take zuwa taya Haulatu zaman takaba. Ta ajiye mayafi ta ce, "Ka daina wahalar da man mota. Haulatu ta ce ka je bayan la'asar, abin da kake yawon nema yana wurinta."

Na isa na tarar an shimfiɗa tabarma a zaure. An saki labule a ƙofar da ke shiga cikin gida, ina ganin gefen farin zanenta ta ƙasa. Munzali na zaune a gefe da rediyonsa mai kaset biyu, fuskarsa a ɗaure. A tsakiyar tabarmar ga tsohuwar rikodar Mainasara, ga baƙin kaset a kanta, farar takarda a goshinsa, kusurwarsa a narke.

Bayan gaisuwa da addu'a Haulatu ta yi magana daga bayan labule. "Malam Kalilu, da za a fita da su na ce a bar mini ɗaya in riƙa ji. Na zaɓi wanda hannun abokinka ya fi taɓawa. Yaron nan ya zo gogewa, na ce ban hana ba, amma sai ka ji shi sau ɗaya tukuna."

Munzali ya yunƙura. "To Inna, bari in jira a waje, in an gama a kira ni."

Ta ce, "Zauna. Ai ba ka goge abin da ba ka ji ba."

Ya koma ya zauna. Ban taɓa jin ya yi mata musu ba, ranar ma bai yi ba.

Na sa kaset ɗin na danna. Ta riga ta kai shi kusa da ƙarshen karatun, muka saurari ayoyin da suka rage, kowa kansa a ƙasa. Mai karatu ya rufe. Sai ƙas, sai hucin allura a kan faifan da ya mutu tun Munzali na rarrafe. Mun faɗo a tsakiyar waƙar, daidai inda Nagoggo ke cewa sauran hanya a ƙafa. Sai ya yi shiru, Dabo ya karɓa.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Na ji ƙanshin gero na ɗakin ajiya, na ji kamar in na waiga zan ga Mainasara ya lumshe ido yana kaɗa yatsa a gwiwa. Kewarsa ta kama ni fiye da ranar jana'iza, domin ranar jana'iza akwai aiki da jama'a, nan kuwa ba abin da zan yi sai ji. Munzali na kallon bango, muƙamuƙinsa na motsi. Jitar ta hau, ta hau, ta sauko a hankali, ta taɓa ƙasa.

Hannuna ya tafi kan madannin kashewa da kansa, don haka na saba gani.

Haulatu ta ce, "Bar shi."

Allura ta ci gaba da karzar ƙarshen faifai. Can aka ji an ɗage ta. Sai kukan jariri, ƙarami da farko, sannan ya buɗe murya sosai. Aka ji takun ƙafa zuwa ƙofa, sai muryar Mainasara, siririya, ta saurayi, wadda na manta ya taɓa yin irinta.

"Ke! Masu gida! Ya farka fa!"

Ba amsa, sai ƙarar daka daga nesa. Ya sake kira, shiru. Aka ji ya tura ƙofa ta rufu. Gado ya yi ƙara.

"To, ba kowa. Zo nan. Zo nan, Munzali. Munzalina. Waye ya taɓa mini kai? Dabo ne ya tashe ka? Za mu rama."

Kukan ya fara raguwa. Sai ya kama rerawa ƙasa-ƙasa, da waccan muryar tasa da ba ta taɓa hawa daidai ba, yana bin amshin waƙar amma ya canza ta: kwalta ta ƙare, Munzali, sauran hanya ni zan ɗauke ka. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, jaririn na 'yar shessheƙa har ya yi shiru. Aka ji ya yi dariya shi kaɗai, ya ce, "Kai, ka ga hancin nan nawa ne sak." Sai zare ya ƙare, rikoda ta kashe kanta.

A bayan labule ina jin Haulatu na jan numfashi. Ni kuwa sai lissafin shekaru nake, duk ranakun da ya yi wuf ya danna ina zaginsa da rowar batir. Ya kasa bari a ji, kuma ya kasa gogewa.

Haulatu ta ce, "Ni ma ban taɓa ji ba sai da na shiga takaba. Ina can ina daka. To ka ji, Malam Kalilu. Yaron nan, ga shi nan, ka yi abin da ka zo yi."

Munzali ya miƙa hannu ya buɗe rikodar ya ciro kaset ɗin. Ya juya shi, ya dubi narkakkiyar kusurwar, ya dubi rediyonsa. Hawaye na bin gemunsa bai share ba. Na so in yi magana, in roƙa, in ce ko ni a ba ni in ɗauki zunubin. Amma na ga ba ni da hurumi. Tun da na ji kukan jaririn nan na san kaset ɗin ba nawa ba ne, bai ma taɓa zama nawa ba.

Ya sa farce a saman kaset ɗin ya kama gefen salatif ɗin da ya liƙa da hannunsa. Ya ɓare na farko, ya ɓare na biyu, ya murza su a yatsa ya jefar. Ramukan suka koma a buɗe yadda ubansa ya bar su.

Ya ce, "Baba Kalilu, mayar mini da shi baya kaɗan."

Na ce, "Zuwa ina?"

"Inda kiɗan ya ƙare."

Na zaro biro daga aljihu na zura a ramin kaset ɗin na juya da hannu, yadda muke yi don tattalin batir. Da biro ba a samun wuri daidai. Da na danna, sai muka faɗo a kan jitar Dabo tana tsakiyar saukowa, da sauranta kafin ta kai ƙasa. Na kai hannu zan tura gaba, Munzali ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "Bar shi, Baba. Zan jira."